Wa Ke Biyan Kuɗin Muryar da Muke Ji? Kuɗi da Doka a Harkar Rediyo da Talabijin

 

Ina jin da wuya a sami mutum guda a cikin wannan zaure wanda bai saurari rediyo ba tun wayewar garin yau, ko a gida, ko a mota, ko a teburin mai shayi. Sa'ad da ya murɗa akwatin, babu wanda ya miƙo masa hannu ya ce ya biya. Mai sayen jarida ya san abin da ya fitar daga aljihunsa, amma mai sauraron rediyo yakan ɗauka muryar nan kyauta take zuwar masa kamar iska. Alhali kuwa kafin ta iso kunnensa an biya albashin mai karanta labarai da na injiniya, an sayi man janareta, an biya kuɗin motar ɗan rahoto, an kuma biya kuɗin lasin. Ashe dai wani ne ya biya. Hausawa kuwa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski.

Saboda haka tambayoyi biyu ne zan bi a wannan lacca. Ta farko, daga ina kuɗin gidan rediyo yake fitowa, kuma ta hannun wa yake biyowa? Ta biyu, wa yake ba shi izinin magana, wa kuma yake da ikon rufe shi? Ra'ayin da zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja shi ne, amsoshin waɗannan tambayoyi su ne ke yanke irin gaskiyar da gidan rediyo zai iya faɗa, fiye da ƙwarewar ma'aikatansa ko kyawun niyyarsu. Zan fara da Ingila, domin daga can muka kwaikwayo tsarinmu, sa'an nan in leƙa Amurka da Jamus, kana in dawo gida. Duk inda na ce gidan rediyo ina nufin har da na talabijin, sai fa inda na bambanta.

Dalilin da Ya Sa Hukuma Take Sa Hannu

Mai son buga jarida, in yana da kuɗin takarda da tawada, ba ya tare wa kowa hanya. Jaridu ɗari suna iya fitowa a gari ɗaya. Rediyo ba haka yake ba. Muryarsa tana tafiya ne a kan zango, zangunan kuwa ƙididdigaggu ne. Alal misali, duk tashoshin FM da muke kamawa suna cunkushe ne tsakanin lamba 87.5 da 108 a fuskar akwati, kuma in tashoshi biyu suka hau zango ɗaya a gari ɗaya, ba a jin ko ɗaya daga cikinsu. Amurkawa sun ɗanɗana wannan a shekarar 1926, lokacin da kotu ta yanke hukunci cewa Sakataren Ciniki, Herbert Hoover, ba shi da ikon tilasta wa tasha ta tsaya a kan zangon da aka ba ta. Cikin 'yan watanni kowa ya hau inda ya ga dama, ya ƙara ƙarfin injinsa, muryoyi suka cakuɗe, har masu tashoshin da kansu suka nemi Majalisa ta yi doka. Aka kuwa yi ta a 1927.

Dalili na biyu shi ne ƙarfin maganar da ake yi ta rediyo. Tana shiga gidan wanda bai iya karatu ba, tana isa ƙauyen da mota ba ta zuwa, kuma dubban mutane suna jin ta a lokaci guda. A shekarar 1994 a ƙasar Ruwanda, gidan rediyon nan mai suna RTLM ya riƙa ambaton sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya, yana zuga makasa. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta sami waɗansu daga cikin waɗanda suka kafa shi da laifin kisan ƙare dangi. Don haka babu mai hankalin da zai ce a bar wannan harka ba doka. Inda ake jayayya shi ne hannun da zai riƙe dokar.

Hanyoyin Samun Kuɗi

Hanya ta farko ita ce baitulmali. Gwamnati takan sa gidan rediyo cikin kasafin kuɗinta na shekara, ta biya albashi, ta sayi kayan aiki. Amfanin wannan hanya shi ne ana iya kai shiri inda babu riba. Illarta kuwa, wanda ke sakin kuɗi kowane wata shi ne wanda ya kamata a bincika a cikin labarai.

Hanya ta biyu ita ce talla. A nan ya kamata mu lura da wani abu: mai ciniki da gidan rediyon kasuwa shi ne mai talla, hajar da ake sayar masa kuwa kunnuwanmu ne. Gwargwadon yawan masu sauraro da ƙarfin aljihunsu, gwargwadon tsadar minti guda. Kamfanin sabulu kuma ba daga gadonsa yake biyan kuɗin tallan ba, yana ɗora shi ne a kan farashin sabulun da muke saye.

Hanya ta uku ita ce a karɓi wani ƙayyadadden kuɗi kai tsaye daga jama'a, a keɓe shi domin gidan rediyo, ba tare da ya shiga lalitar gwamnati an cuɗa shi da na hanya da na asibiti ba. Akwai kuma kuɗin wata da masu kallon tashoshin tauraron ɗan'adam suke biya, amma wannan na mai hali ne kawai. Kun ga ke nan ta kowace hanya aka bi, aljihun talaka ne asalin kuɗin. Bambancin yana ga wanda kuɗin ya ratsa ta hannunsa kafin ya isa.

Ingila

A shekarar 1922 kamfanonin da ke ƙera akwatunan rediyo a Ingila, cikinsu har da Marconi, suka haɗu suka kafa kamfanin BBC, domin masu sayen akwatunansu su sami abin ji. Aka ɗora wa kowane mai akwati lasin na sule goma a shekara, aka hana talla. Ranar 1 ga Janairu 1927 aka mai da kamfanin hukuma ta jama'a a ƙarƙashin takardar izini ta sarauta, wadda ake sabuntawa bayan kimanin shekara goma goma, John Reith kuwa ya zama babban daraktanta na farko. Tun 1971 aka soke lasin rediyo, aka bar na talabijin, wanda a shekarar 2025 ya kai fam 174.50 ga kowane gida. Abin da ake tarawa ya haura fam biliyan 3.5 a shekara, kuma wanda aka kama yana kallo ba lasin ana iya cin sa tara har fam 1,000.

Kada mu ɗauka wannan tsari ya raba BBC da matsin gwamnati baki ɗaya. A yajin aikin gama gari na 1926 Winston Churchill ya so gwamnati ta karɓe gidan, Firayim Minista Baldwin ya ƙi. Amma duk da haka Reith bai bar shugaban jam'iyyar Leba, Ramsay MacDonald, ya yi magana ba, don gudun ɓacin ran gwamnati. Bayan shekara talatin, a rikicin mashigin Suwez na 1956, BBC ta ba shugaban 'yan hamayya Hugh Gaitskell dama ya mai da martani ga Firayim Minista Eden, ko da yake gwamnati ta yi barazanar rage kuɗin sashen ƙasashen waje. Tsakanin waɗannan shekaru biyu gidan ya yi ƙarfi, jama'a kuma sun riga sun ɗauke shi nasu.

Inda gwamnati ta ci gaba da riƙe igiya shi ne wajen ƙayyade yawan kuɗin lasin da naɗa shugaban hukumar gudanarwa. A 2010 ta hana ƙara kuɗin har shekara shida, ta kuma ɗora wa BBC nauyin sashen ƙasashen waje daga 2014, nauyin da Ma'aikatar Harkokin Waje take ɗauka a da. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Sashen Hausa, wanda ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, yana cikin wannan sashe. A 2022 aka sake daskarar da kuɗin na shekara biyu, a Janairun 2023 kuwa rediyon Larabci na BBC ya yi shiru bayan shekara 85 yana aiki. Babu ministan da ya ba da umarnin rufe shi. Ƙarancin kuɗi ne ya yi aikin.

Game da 'yan kasuwa kuwa, Ingila ba ta buɗe musu ƙofa ba sai da dokar talabijin ta 1954, ITV ta fara aiki a Satumban 1955. Amma an ba su lasin ne bisa sharuɗɗa: tilas su kawo labarai da shirye-shiryen yankuna, tilas a raba talla da shiri yadda mai kallo zai gane. A 1982 aka ƙirƙiro Channel 4, mallakar jama'a wadda take rayuwa da talla. Hukumar Ofcom, wadda ta fara aiki a 2003 kuma aka sa BBC a ƙarƙashin sa idonta a 2017, ba ta yarda talla ta wuce minti 12 cikin awa guda a talabijin ba. Doka ta wajabta wa kowace tasha adalci tsakanin ɓangarori a cikin labarai, ta kuma haramta sayar wa jam'iyyun siyasa lokacin talla. A maimakon haka ana ba su 'yan mintoci kyauta lokacin zaɓe. Ina roƙon ku riƙe wannan batu na ƙarshe, domin za mu koma kansa.

Amurka

Amurka ta bi kishiyar wannan hanya. A watan Agustan 1922, shekarar da aka kafa BBC, tashar WEAF ta birnin New York ta sayar wa wani kamfanin gidaje minti goma ya yi tallan hajarsa. Daga nan talla ta zama uwar harkar. Dokar 1934 ta kafa hukumar FCC mai ba da lasin, wadda yanzu kujerunta biyar ne, kuma doka ta hana jam'iyya ɗaya ta riƙe fiye da uku. Daga 1949 hukumar ta wajabta wa tashoshi su kawo ɓangarori dabam dabam a kan al'amuran da ake gardama a kansu, amma a 1987 ta soke wannan ƙa'ida, abin da ya buɗe hanya ga shirye-shiryen siyasa masu fuska ɗaya. A 1996 kuma aka ɗage iyakar yawan tashoshin rediyon da kamfani guda zai mallaka a faɗin ƙasar, cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel shi kaɗai ya tara kimanin tasha 1,200.

Kasuwa ta kawo wa Amurka yalwar tashoshi da gwanintar nishaɗi, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ta bar giɓi wajen shirye-shiryen ilmi da na yara da na ƙananan garuruwa, inda masu talla ba su ga riba ba. Don cike giɓin ne aka yi dokar 1967, zamanin Shugaba Johnson, wadda ta kafa hukumar CPB, daga bisani aka sami talabijin na PBS da rediyon NPR. Amma an bar kuɗin hukumar a hannun Majalisa, tana ba da shi daga baitulmali. A watan Yulin 2025 Majalisa ta janye dala biliyan 1.1 da ta riga ta ware na shekara biyu, a watan Agusta kuwa CPB ta ba da sanarwar za ta naɗe tabarmarta. Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne ƙananan tashoshin karkara, domin na manyan birane suna da masu ba su gudummawa. A watan Maris na shekarar 2025 kuma masu sauraron Sashen Hausa na Muryar Amurka suka wayi gari ba su ji shi ba, bayan wani umarni da Shugaban ƙasar ya sa wa hannu. Abin da kasafin kuɗi ya bayar, kasafin kuɗi yana iya karɓewa.

Jamus

Jamusawa sun ga yadda Goebbels ya mai da rediyo kakakin Hitler, saboda haka bayan yaƙi suka gina tsarinsu a kan tsoron maimaita wannan. Aka sa harkar a hannun jihohi, aka kafa ƙungiyar ARD a 1950. Da Shugaban Gwamnati Adenauer ya nemi kafa talabijin da gwamnatin tarayya za ta mallaka, Kotun Tsarin Mulki ta hana shi a 1961. A 2014 kotun ta ƙara da cewa wakilan gwamnati da na jam'iyyu kada su wuce kashi ɗaya cikin uku a majalisun da ke kula da tashar ZDF.

Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne yadda suke yanke yawan kuɗin. Tun 2013 kowane gida yake biya, ko da akwati ko babu. Gidajen rediyon sukan kawo lissafin bukatunsu, wani kwamitin ƙwararru mai suna KEF, wanda aka kafa a 1975, ya tace lissafin ya ba da adadi, sa'an nan majalisun jihohi 16 su amince. A ƙarshen 2020 jihar Sachsen-Anhalt ta tare ƙarin da aka ba da shawara, daga yuro 17.50 zuwa 18.36 a wata. A Agustan 2021 kotu ta yanke cewa jiha ɗaya ba ta da wannan iko, ta sa ƙarin ya fara aiki. Talla kuma an ƙuntata ta: a manyan tashoshin ARD da ZDF ba ta wuce minti 20 a ranar aiki, babu ita bayan ƙarfe 8 na dare, babu ita ranar Lahadi. Tsarin yana da masu suka, waɗansu suna ganin kuɗin ya yi yawa, kuma a 2024 an sake komawa kotu a kan wani ƙarin. Amma dai ɗan siyasar da labari ya ɓata wa rai ba shi da wata igiya ta kusa da zai ja.

Nijeriya

To, mu dawo gida. Rediyo ya shigo mana ne ta waya: daga 1935 a Legas, daga 1944 a Kano, ana jawo waya zuwa akwatin da aka kafa a gidan mutum, shi kuwa yana biyan kuɗin wata. Watau da biya muka fara. Ranar 1 ga Afrilu 1957 aka kafa hukumar rediyo ta ƙasa bisa kwaikwayon BBC, da niyyar ta zama mai cin gashin kanta. Niyyar ba ta daɗe ba, domin a 1961 aka gyara dokar aka ba Ministan Watsa Labarai ikon ba ta umarni.

Asalin gidajen rediyon jihohi ma siyasa ce. A rikicin 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Action Group ta rediyo, da Cif Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mai da martani aka hana shi. Tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa nasu, Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, ta Gabas ta biyo a 1960, ta Arewa kuwa ta kafa Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962 tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Abin lura a nan shi ne, maganin da aka samar wa hana ɗan hamayya magana shi ne kowace gwamnati ta mallaki nata bakin. Mulkin soja ya tattara gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA da dokar 1977, ya kuma haɗe Rediyon Kaduna da na ƙasa aka sami FRCN daga 1978. Da tattalin arziki ya tsuke, dokar 1988 ta sa NTA da FRCN cikin hukumomin da aka ce su nemi wani kaso na kuɗinsu a kasuwa. Daga nan al'adar biyan kuɗi kafin a ɗauki labarin taro ta yi ƙarfi. Sakamakon haka gidan ya zama yana da iyayen gida biyu, gwamnati da mai kuɗi, mai sauraro kuwa ba ya cikin lissafi.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ita ce ta kafa hukumar NBC mai sa ido, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio a Kano a 2003, a 2015 kuma aka amince da lasin 17 na rediyon al'umma. Lalle wannan ya kawo alheri: talaka ya sami inda zai buga waya ya yi kuka a kan ruwan sha da taki. Amma mu dubi ginin dokar. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ce ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, babu mai kafa gidan rediyo sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shugabannin NBC, Minista kuma yana da ikon ba ta umarni. Ke nan gwamnati ita ce mai tasha, ita ce mai ba abokan gasarta lasin, ita ce kuma mai hukunta su.

Shekarar 2022 ta nuna mana fuskokin matsalar. A farkon Agusta NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma. A cikin watan kuma ta ba da sanarwar soke lasin tashoshi 52 saboda bashin naira biliyan 2.6, kafin ta dakatar da matakin; da yawa daga cikin masu bashin kuwa gidajen gwamnatocin jihohi ne. A watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke tarar naira 500,000 da hukumar ta ɗora wa tashoshi 45 a 2019, bisa hujjar cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta zama mai ƙara kuma alƙali.

Kuɗin lasin akwati fa, ina ya shiga? Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓarsa, gyaran da aka yi wa dokar NBC a 1999 kuma ya ba hukumar ikon karɓa ta raba wa gidajen rediyo. Tsarin mulki shi ne gaba da kowace doka, don haka ɗan abin da ake karɓa yana tsayawa ne a asusun ƙaramar hukuma. Lokacin zaɓe kuwa, ko da yake dokar zaɓe ta 2022 ta wajabta wa gidajen gwamnati raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu, sayen lokaci halal ne, saɓanin abin da muka gani a Ingila. Ɗan takarar da ya fi kuɗi shi ya fi murya.

Kammalawa

Abin da nake so mu fita da shi daga wannan zaure shi ne, muna da rediyon gwamnati, muna da rediyon kasuwa, amma har yanzu ba mu gina rediyon jama'a ba, watau wanda kuɗinsa na jama'a ne kuma ba mai mulki ne ke iya tsige shugabansa don ya ji haushin labari ba. Bukatarsa kuwa ƙaruwa take yi, domin kuɗin talla yana ƙaura zuwa Facebook da YouTube, tashar kasuwar da talla ta guje wa kuwa ba ta da abin sayarwa sai lokacinta ga 'yan siyasa.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya kafa Hukumar Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, ya ba ta ikon naɗa hukumomin gudanarwa na kafofin gwamnati bayan shawara da Shugaban Ƙasa, ya kuma ɗora mata aikin kare su daga katsalandan. Bisa wannan da abin da ya gabata, ina ba da shawara huɗu. A fitar da naɗin shugabannin NBC da na gidajen gwamnati daga hannun mutum guda, a kuma ƙayyade musu wa'adin da ba a yanke shi sai da dalili a gaban majalisa. A warware saɓanin da ke tsakanin tsarin mulki da dokar NBC a kan kuɗin lasin, a keɓe asusu wanda ƙwararru za su yanke adadinsa na shekaru da dama a jere. A bar cin tara da soke lasin a hannun kotu ko wani zaure mai zaman kansa. A kuma wajabta wa kowace tasha ta bayyana a fili duk labarin da aka biya kuɗi aka sa.

Ku ma'aikatan gwamnati, ta teburinku takardar sakin kuɗin gidan rediyon jiha take bi, wani lokaci kuma ta bakinku saƙon a cire wani labari yake isa. Ku tuna gwamnati tana canjawa, wanda yake kan kujera yau yana iya zama ɗan hamayyar da zai nemi minti biyar gobe a hana shi, kamar yadda aka hana Awolowo a 1953. Ku kuma ɗalibai, waɗansunku za su zama editoci, waɗansu 'yan majalisar da za su gyara waɗannan dokoki. Kafin lokacin, ina roƙonku da ɗabi'a guda: duk shirin da kuka saurara, ku tambayi kanku wanda ya biya kuɗinsa, da wanda ba a gayyato ya yi magana a cikinsa ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.